Fayil ya fi ƙarfin faifai ɗaya? Ga yadda ake raba shi a ajiye ba tare da asara ba

Assalamu alaikum jama'a. Wannan matsalar kusan duk mai kwamfuta a gida sai ya ci karo da ita wata rana, mai kyamara ya kawo maka bidiyon biki ko na walimar sauka fayil guda ɗaya giga 12, ko kuma kana da folda ta hotunan yara da takardun aiki da ta haura giga 20, kana so ka ɗora a faifai ka ajiye gefe saboda kar kwamfutar ta mutu ko a sace ta komai ya tafi, sai ta ce maka wurin da ke faifan bai isa ba. Toh akwai hanya, kuma ba sai ka sayi wata manhaja ba, amma fa akwai wuraren da mutane ke tafka asara ba su sani ba sai bayan shekaru sun zo buɗewa, shi yasa zan ɗan tsawaita a wasu wuraren, a yi haƙuri.

Fara da sanin ainihin abin da faifan yake ɗauka

CD mega 700 yake ci, wannan ma a bar maganarsa don babban fayil zai cinye maka su da yawa. DVD na yau da kullum an rubuta 4.7GB a jikinsa, amma in ka saka shi a kwamfuta za ka ga Windows ta nuna maka kusan 4.38 ne kawai. Ba cutarka aka yi ba, lissafin ne ya bambanta, masu yin faifai suna ƙirga giga ɗaya a matsayin bayit biliyan ɗaya cif, ita kuma Windows da 1024 take ninkawa ba 1000 ba. Saboda haka fayil ɗin da Windows ta ce maka 4.5 ne ba zai shiga faifan 4.7 ba, kar ma ka wahalar da kanka. Akwai DVD mai hawa biyu da ake rubuta wa DL, shi 8.5 ne a rubuce, a zahiri kusan 7.9. Sai Blu-ray mai giga 25 wanda yake ba ka kusan 23, da mai 50, har da mai 100, amma shi sai kana da na'urarsa ta daban, na'urar DVD ba ta rubuta shi. Ni dai a ganina ga mutumin gida DVD-R ko DVD+R mai hawa ɗaya ya fi, shi ne ake samu ko'ina kuma kowace tsohuwar na'ura tana karanta shi, mai hawa biyun yana yawan ba da matsala a daidai wurin da ake tsallakawa daga hawa na farko zuwa na biyu musamman in na'urar ta tsufa.

In kwamfutarka irin ta yanzu ce sirirya da ba ta da wurin saka faifai, ana sayar da na'urar DVD ta waje mai igiyar USB, ka jona kawai ta fara aiki.

Kafin ka raba komai, tsaya ka duba

Nan ne abin da na fi so a fahimta. Ka danna dama a kan abin da kake son ajiyewa ka shiga Properties ka ga girmansa, sannan ka tambayi kanka, shin fayil ɗaya ne ƙato, ko kuwa ƙananan fayiloli ne masu yawa a cikin folda? Domin in folda ce mai hotuna dubbai da takardu da ƙananan bidiyoyi, dan Allah kar ka dunƙule su wuri guda ka yanka. Babu buƙata. Ka buɗe sabbin folda kawai, Faifai 1, Faifai 2, Faifai 3, ka riƙa kwafe kaya a ciki kana duba girman har kowace ta kai kamar giga 4.2 ka tsaya, in so samu ne ka bi shekara ko wata, hotunan 2021 wuri ɗaya na 2022 wuri ɗaya. Amfanin wannan shi ne kowane faifai yana zaman kansa, in ɗaya ya karce hotuna biyar suka lalace toh biyar ɗin ka rasa, sauran suna nan, kuma ko yaro ne ya saka faifan a kwamfuta zai ga hotuna ya buɗe ba tare da wata manhaja ba.

In kuma bidiyo ne guda ɗaya mai tsawo, akwai zaɓi na biyu da mutane ba su cika tunawa da shi ba, wato ka yanka bidiyon shi kansa zuwa kashi-kashi, kowane kashi ya zama cikakken bidiyo mai kunnuwa da kansa. Manhajar LosslessCut tana yin wannan kyauta, Avidemux ma tana yi, kuma ba sa sake sarrafa hoton balle ingancinsa ya ragu, yanka kawai suke su kwafe shi yasa aikin baya ɗaukar lokaci. Bidiyon awa uku mai giga 12 sai ka raba shi awa ɗai-ɗai, kamu a faifai ɗaya, ɗaurin aure a na biyu, dina a na uku, ka dai duba kowane kashi bai wuce giga 4 ba. Ga bidiyon iyali wallahi wannan ya fi min kwanciyar hankali.

Rabawa da manhajar matse fayil sai in dole, kamar bakof ɗin kwamfuta gaba ɗaya, ko fayil ɗin ISO (wato kwafin faifai gaba ɗaya a fayil ɗaya), ko wani aikin editin da ba zai yanku ba, ko kana son bidiyon ya dawo maka daidai yadda yake ba a taɓa ko bayit ɗaya ba.

Yadda ake rabawa da 7-Zip

7-Zip kyauta ce gaba ɗaya, wani ɗan Rasha mai suna Igor Pavlov ne ya yi ta tun 1999 kuma har yau ana sabunta ta, ko mega 2 ba ta kai ba. Ka sauke ta daga shafinta na asali, kar ka ɗauko a shafukan da ke cike da talla.

Abu na farko ka tabbatar kana da wuri a kwamfutar, don rabawar sabon kwafi take yi ba ta taɓa na asalin, in fayil ɗin giga 12 ne kana buƙatar wata giga 12 a buɗe, gara ma ta fi haka. Sannan ka danna dama a kan fayil ɗin, ka je 7-Zip, ka zaɓi Add to archive. Masu Windows 11 sai kun fara danna Show more options kafin ku gan ta. Wani akwati zai buɗe mai abubuwa da yawa, kar ya tsorata ka, guda huɗu ne kawai ruwanka da su.

Suna a can sama. Ka ba shi suna mai ma'ana da shekara, kamar biki_2023, ba New folder ko aaa ba, don nan da shekara shida ba za ka tuna ba.

Archive format ka bar shi a 7z.

Compression level, nan ne mutane ke ɓata lokacinsu. In bidiyo ne mp4 ko hotuna jpg ko sauti mp3, ka zaɓi Store, ma'ana a ajiye kawai kar a matse. Waɗannan fayilolin an riga an matse su tun daga kyamara, ko ka sa Ultra kwamfutar ta yi awanni tana huci fanka na ƙara, abin da zai ragu bai taka kara ya karya ba. In takardu ne ko bakof na tsarin kwamfuta toh Normal ya isa, a nan matsewar tana rage girma sosai.

Sai babban wurin, Split to volumes, bytes, a ƙasa ɓangaren hagu. In ka buɗe shi za ka ga an riga an jera maka 700M na CD, 4092M na FAT (wani tsarin filash), 4480M na DVD, 8128M na mai hawa biyu, 23040M na Blu-ray. Da yawa za su ce ka zaɓi 4480M shikenan, kuma yana aiki, amma ni ba na ba da wannan shawarar. 4480M yana cika faifan ne maƙil har bakinsa, ɗan abin da ke saura bai wuce mega kaɗan ba, kuma faifai daga tsakiya ake fara rubuta shi a fito waje, gefen wajen nan shi ne hannu ke taɓawa, shi ne ke saurin karcewa, a faifai mai araha kuma nan ne rubutun ya fi rauni. Ga kuma wata matsalar, tsohon tsarin faifai na ISO 9660 baya karɓar fayil ɗaya da ya kai giga 4 sai ka koma tsarin UDF, filash mai FAT32 ma haka. Abin da ya fi shi ne ka rubuta 1000M da hannunka a wurin. Guntaye huɗu a kowane faifai, mega 4000 kenan, ya rage maka sama da mega 400 na numfashi, kuma guntun mega 1000 yana shiga ko'ina, filash, memori, har Telegram da ke karɓar giga 2 a fayil ɗaya.

Mu yi lissafin bidiyon giga 12 ɗin nan. A lissafin Windows mega 12288 ne, in aka yanka dubu-dubu zai ba ka guntaye 13, sha biyu cikakku da ɗan ƙarami na ƙarshe mai kusan mega 288. Za ka gan su a jere, biki_2023.7z.001, biki_2023.7z.002 har zuwa 013. Faifai na farko 001 zuwa 004, na biyu 005 zuwa 008, na uku 009 zuwa 013 don ɗan ƙaramin zai samu wuri. Kar ka canza musu suna ko lamba ko kaɗan, da lambar manhajar ke gane jerinsu.

Maganar kalmar sirri, akwai wurinta a ɓangaren dama, tsarin kullewa na AES-256 ake amfani da shi kuma yana da ƙarfi da gaske, wanda ke nufin in ka manta babu wani mai gyara a duniya da zai buɗe maka. In takardun sirri ne irin na banki ko na fili ka saka, amma ka rubuta a takarda ka ajiye wurin da matarka ko babban ɗanka ya sani, rai ba a hannunmu yake ba, bai kamata iyali su zo suna riƙe da faifai ba su da hanyar buɗewa ba. In bidiyon biki ne da za a ajiye a cikin gida ni ban ga amfanin kulle shi ba.

Danna OK ka jira. In ya gama, kafin ka taɓa faifai, danna dama a kan 001 ka zaɓi Test archive, ka ga ya ce babu kuskure.

Haɗarin da ke cikin rabawa

Waɗannan guntayen ba fayiloli 13 ba ne, fayil ɗaya ne aka datsa. Kamar takardar dubu ɗaya ce aka yaga gida uku, in yanki ɗaya ya ɓata sauran biyun ba za su sayi ko ashana ba. Guntu na 007 ya lalace, bidiyon gaba ɗaya ya ƙi fitowa. Na ƙarshen ma ya fi haɗari duk da ƙanƙantarsa, don tsarin 7z a ƙarshe yake ajiye bayanin abin da ke ciki, in babu 013 manhajar ba za ta ma san mene ne a cikin sauran ba. Wato da ka raba fayil a faifai uku ka ninka hanyoyin da zai iya mutuwa sau uku kenan, kuma 7-Zip ba ta da wani tsarin gyara na kanta. Shi yasa duk wanda ya raba ya ƙona (wato ya rubuta a faifai) saiti ɗaya ya goge na kwamfuta yana ganin ya yi bakof, gaskiya bai yi ba.

Magani mafi sauƙi wanda kowa zai iya, ka ƙona saiti biyu. Faifai shida a maimakon uku. In 007 na saitin farko ya ƙi karantuwa sai ka ɗauko 007 na saiti na biyu, da wuya guntu ɗaya ya lalace a wuri biyu lokaci guda. In za ka iya ma ka yi saitin na biyu da faifan wani kamfani daban ko wani kwali daban, don in kwalin farko duk marasa kyau ne kar su mutu tare.

Ga wanda ke son ƙarin kariya akwai WinRAR, ita ba kyauta ba ce, gwajin kwana 40 take bayarwa, amma tana da abin da 7-Zip ba ta da shi. Rabawar iri ɗaya ce, Split to volumes ka sa girman, guntayen su fito da suna part01.rar, part02.rar haka. Bambancin shi ne akwai Add recovery record, wanda ke saka ɗan ƙarin bayani a cikin kowane guntu da zai iya gyara ƙananan lalacewa, ka ba shi kamar kashi 5 cikin ɗari. Sannan a shafin Advanced akwai Recovery volumes, waɗannan fayiloli ne masu ƙarewa da rev, kuma abin sha'awa kowane rev ɗaya yana iya maye gurbin kowane guntu ɗaya da ya ɓata, ko wanne ne. In ka ce a yi maka guda huɗu ka ƙona su a faifai na huɗu, toh ko faifai ɗaya cikin ukun ya ɓace gaba ɗaya da guntayensa huɗu za a iya sake gina su. Sai dai ka lura, in ba ka saka recovery record ba (shi yana ƙara girman guntun ƙarshe har ya ƙi shiga tare da huɗu), faifai na uku guntu biyar ne a cikinsa, don haka ɗan ƙaramin na ƙarshe ka saka kwafinsa a faifai na huɗun ma, lissafi ya daidaita kenan.

In kuma 7-Zip ɗin kake so ka tsaya a kai, akwai MultiPar kyauta, tana yin fayilolin par2 masu irin wannan aikin, ka zaɓi guntayen duka ka gaya mata kashi nawa kake so. Kashi 10 ya isa maganin karce-karce, in kana son ta ɗauki asarar faifai guda cikakke a misalinmu sai ka kai ta aƙalla kashi 35.

Ƙona faifan

Sayi faifai mai kyau, irin su Verbatim in ka samu na gaske, araha ba ta ado a wannan harkar, waɗanda ake sayarwa tsirara ba suna ba kwali su ne ke fara yin tabo bayan 'yan shekaru. Kar ka yi amfani da DVD-RW mai gogewa don ajiyar dogon lokaci, R ɗin da ake rubutawa sau ɗaya ya fi, ko ba komai bairos ba zai iya canza abin da ke kansa ba kuma ba wanda zai goge bisa kuskure.

Sai wuta. Bonin (wato ƙona) DVD cikakke yana cin kamar minti 10 zuwa 15, in aka ɗauke wuta a tsakiya faifan ya tashi aiki. Mai laftof ya tabbatar batir ya cika kafin ya fara, mai destof kuma in ba shi da UPS ko sola gara ya jira lokacin da ya san wutar ta zauna ko ya tada janareta. Kuma ka rufe sauran manhajoji, kar kana bonin kana kallon fim ko kana kwafar wani abu, kar kuma a riƙa girgiza teburin.

Windows da kanta tana iya yi, in ka saka sabon faifai za ta tambaye ka Like a USB flash drive ko With a CD/DVD player, ka zaɓi na biyun don shi ne ke rufe faifan ya karantu a kowace kwamfuta, ka ja guntayen ka zuba, ka danna Finish burning. Amma na fi son ImgBurn ko CDBurnerXP saboda suna da Verify, wato bayan an gama rubutawa manhajar ta sake karanta faifan daga farko ta gwada shi da na kwamfuta. Wannan ɗan akwatin ka tabbatar ka yi masa alama, yana ƙara 'yan mintuna amma shi ne zai gaya maka tun yau in faifan bai yi ba. Lokacin saka irin waɗannan manhajojin ka karanta kowane shafi kafin ka danna Next, wasu wuraren saukewa suna cusa wasu tarkacen a ciki. A ImgBurn ka shiga Write files/folders to disc, ka zuba guntayen, a wurin gudu kar ka bar shi a mafi sauri, ko da an rubuta 16x a faifan ka sa 8x ko 4x, rubutun ya fi zama da kyau.

A kowane faifai ka ƙara ɗan fayil na Notepad ka rubuta da Hausarka, wannan faifai na 2 ne cikin 3, abin da ke ciki kaza ne, an raba da 7-Zip, sai an haɗa duka a folda ɗaya a buɗe 001. A faifai na farko ka jefa har da ita manhajar 7-Zip ɗin, ba ta cin wuri. Ba kai kaɗai kake yi wa wannan ba, wata rana ƙaninka ne ko 'yarka za su zo buɗewa.

Da faifai ya fito ka rubuta a bayansa, wato ɓangaren da ke da sunan kamfani, nan take kafin ka saka na gaba, da alƙalamin maka mai laushin baki, kar ka sa biro mai tsini kuma kar ka manna takarda ko salatif, mannawar tana sa faifai ya karkace wurin juyawa. Suna, shekara, 1 cikin 3.

Gwajin dawowa, kar ka tsallake shi

Kafin ka goge komai, yi kamar kwamfutar ta mutu. Buɗe sabuwar folda, kwafo guntayen daga faifan ɗaya bayan ɗaya, daga faifai fa ba daga inda ka raba su ba, har su cika 13 a wuri guda. Danna dama a kan 001 kaɗai, 7-Zip, Extract Here, ita za ta bi sauran da kanta. Ba a buɗe 002 ko 005, mutane da yawa a nan suke rikicewa su ce fayil ya lalace alhali lafiyarsa ƙalau. In ya fito ka kunna bidiyon ka tsallaka tsakiya da ƙarshe ka gani. In kana son tabbaci na ƙarshe, danna dama a kan na asalin ka shiga CRC SHA na 7-Zip ka zaɓi SHA-256, zai ba ka wata doguwar lamba mai haruffa, ka yi haka ga wanda ka dawo da shi, in lambobin sun zo ɗaya toh ko bayit ɗaya bai canza ba. In da hali ka gwada faifan a wata kwamfutar daban, wani lokaci na'urar da ta rubuta ita kaɗai ke iya karantawa, ka ga gara ka gane tun yanzu. A waya ma ZArchiver tana haɗa irin waɗannan guntayen in wayar na da wuri.

Kuma ko gwajin ya yi kyau, in ba matsin wuri ba ne ya sa ka, bar na kwamfutar a inda yake. Masana ajiya suna da wata ƙa'ida da suke ce wa 3-2-1, kwafi uku, a kan kayan ajiya iri biyu, ɗaya a wani wuri daban ba gidan ba. A aikace na kwamfuta ɗaya, saitin faifai a gida, saiti na biyu a gidan Hajiya ko gidan yayanka a wata unguwar, saboda gobara ko ambaliya ko ɓarawo ba sa zaɓe.

In filash ko hadisk za ka yi amfani da shi

Wani zai ce filash ɗinsa giga 32 ne babu komai a ciki amma ya ƙi karɓar fayil mai giga 6, yana cewa ya yi girma. Wannan FAT32 ne, iyakarsa fayil ɗaya kar ya kai giga 4. Ko dai ka zuba guntayen nan na 1000M, ko ka kwashe abin da ke ciki ka yi masa fomat zuwa exFAT, shi ba shi da wannan iyakar kuma Windows da Mac duk suna karanta shi, sai dai wasu tsofaffin talabijin da rediyon mota FAT32 kawai suka sani. A kula da filash da memori na jabu da suka cika kasuwa, a rubuta 128 a jiki alhali 8 ne a ciki, zai nuna maka ya karɓi kaya amma in ka zo buɗewa babu komai, manhajar H2testw tana tona asirinsu kafin ka dogara da su. Filash dai ko na gaske ne ba abin jefawa a durowa a manta shekara da shekaru ba ne. In kayanka sun haura giga 50 gaskiya faifan DVD ya zama wahala, sama da goma kenan a saiti ɗaya, hadisk na waje ya fi dacewa, faifai ka bar wa abubuwan da ba za ka iya jure rasa su ba. Google Drive na ba da giga 15 kyauta, guntayen suna da amfani a nan ma don in netwok ya yanke guntu ɗaya kawai za ka sake ɗorawa, in dai kana da datan.

Ajiya da dubawa

Abin da ke riƙe rubutu a DVD-R wani irin rini ne a tsakiyar roba, zafi da hasken rana da laima su ne maƙiyansa. Kar a bar shi a mota, kar a ajiye kusa da taga ko a saman sif dab da rufin kwano inda zafin watan Afrilu ke sauka, a sa kowanne a gidansa na roba a tsaye cikin akwati ko kabad mai duhu. Ƙurar hunturu in ta hau kai kar ka goge da bakin riga, ƙyalle mai laushi za ka sa ka goge daga tsakiya zuwa waje a miƙe, ba a zagaye ba, don karcen da ya bi zagayen rubutun shi ne ke kashe faifai. A gefe ake riƙe shi ko a ramin tsakiya.

Duk shekara ko shekara biyu ka ware rana ɗaya ka fito da su ka kwafa zuwa kwamfuta ka yi Test archive. In ka ga wani faifai ya fara jan ƙafa wurin kwafa, na'ura na ta ƙara tana tsayawa, ko ya nuna maka saƙon kuskure na cyclic redundancy check, kar ka jira, goge shi a hankali ka sake gwadawa, in ya ƙi ka gwada a wata na'urar don sau da yawa wata tana karanta abin da wata ta kasa, in har yanzu ya ƙi ka ɗauko guntun daga saiti na biyu ko ka sa fayilolin rev ko par2 su gina shi, sannan a ranar ka ƙona sabon faifai ka maye gurbin wancan, ka rubuta sabuwar shekarar a bayansa.